Kama da Wane ba Wane ba ne: Nazari a kan Kundin Kaani na Ƙungiyar Tal National da Irin Karɓar da Aka Yi Masa

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2013 wani kamfanin faya-fayai na ƙasar Ingila mai suna FatCat ya fitar da wani kundin waƙoƙi da ake kira Kaani, na ƙungiyar makaɗan nan ta birnin Yamai, wato Tal National. Kafin shekarar ta ƙare sai da kundin ya shiga jerin kundaye goma da suka yi fice a jaridar New York Times. Tun daga lokacin masu sharhin kiɗa a Turai da Amurka suka shiga nema wa ƙungiyar dangi, kuma cikin dangin da aka riƙa ba ta har da makaɗan Turawa masu salon da ake kira rok mai ci gaba, da ƙanensa da ake kira rok na lissafi.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda aka yi wannan kundi da yadda aka karɓe shi, domin a nuna cewa yabon da ya samu ya cancance shi, amma an jingina yabon ga asalin da ba nasa ba. Za a kuma nuna cewa ba masu sharhi kaɗai ke da alhakin wannan ruɗani ba. Shi kansa aikin naɗar sauti ya zubar da wani sashe na wasan, kuma sashen da ya zube shi ne wanda ya fi shafar manazarta harshe. Saboda haka batun bai tsaya ga masana kiɗa ba.

2.0 Sunan da Aka Laƙaba

Rok mai ci gaba salo ne da ya tsiro a Ingila a ƙarshen shekarun 1960. Akan ɗauki kundin ƙungiyar King Crimson na 1969, In the Court of the Crimson King, a matsayin ɗaya daga cikin tushensa. Abin da makaɗan suka sa gaba shi ne su fitar da kiɗan rok daga ƙangin waƙar minti uku wadda gidajen rediyo suke so, su tsawaita ta, su yi mata sassa masu sauye-sauye irin na kiɗan gargajiyar Turai da ake rubutawa a takarda. Faifan garmaho mai dogon zango, wanda kowace fuskarsa kan ɗauki minti 20 da ɗoriya, shi ya ba su fili. Alal misali, waƙa guda ce ta cinye fuskar farko ta kundin ƙungiyar Yes na 1972, Close to the Edge, tana da tsawon fiye da minti 18. Wata alama ta salon ita ce ƙirgen bugu wanda ba a saba da shi ba. Maimakon bugu huɗu-huɗu, sai a yi biyar-biyar ko bakwai-bakwai, kamar yadda ƙungiyar Pink Floyd ta gina mafi yawan waƙarta Money ta 1973 a kan bugu bakwai.

A nan ya kamata a lura da kalmar ci gaba ita kanta. Duk inda aka ce gaba, to akwai baya ke nan. Sunan yana ɗauke da zaton cewa kiɗa hanya ce miƙaƙƙiya, mai sauƙi yana farkonta, mai sarƙaƙiya yana can gaba, kuma makaɗan Ingila ne suka fara isa. Idan aka yabi makaɗin Yamai da cewa kiɗansa ya yi kama da nasu, abin da ake faɗa a fakaice shi ne ya cim musu.

Tarihi kuwa bai goyi bayan wannan zato ba, domin bashin ya fi gudana ta ɗaya ɓangaren. Roger Dean, mai zanen da hotunansa suka zama tambarin ƙungiyar Yes, ya zana bangon kundaye biyu na farko na Osibisa a 1971, ƙungiyar da 'yan Gana suka kafa a Landan tare da 'yan tsibiran Karebiyan da ɗan Nijeriya. Ginger Baker, makaɗin gangunan ƙungiyar Cream, tattarawa ya yi ya koma Ikko a farkon shekarun 1970, ya yi wasa da Fela Kuti, har ya kafa sutudiyo a Ikeja. A Ikkon ne kuma ƙungiyar BLO ta fitar da kundinta Chapter One a 1973. Kundin Talking Heads na 1980, Remain in Light, masu shi ba su ɓoye cewa Fela suka saurara ba. Wato ke nan kunnen da ya ji Tal National a 2013 ya tuna da makaɗan Turawa, ba mamaki amon Afirka ne ya ji ya dawo masa ta bayan gida.

3.0 Ƙungiyar da Yadda Aka Yi Kundin

Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, shi ya kafa Tal National a shekarar 2000. An ɗauko sunan daga hamadar Tal da ke kusa da Ngigmi a gabashin Nijar. Shi Almeida makaɗin jita ne, amma ya taɓa zama ɗan wasan ƙwallon ƙafa, kuma a shekarun da aka yi Kaani yana aikin alƙalanci da rana. Ya tara makaɗa daga Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Buzaye, waƙoƙinsu kuma suna ratsa harsunan waɗannan al'ummu, tare da Faransanci jefi-jefi. Sashe na waƙoƙin nasu ne, sashe kuma tsofaffin waƙoƙin gargajiya ne da aka yi wa sabon shiri.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne tsarin aikinsu. A wancan lokaci ƙungiyar takan yi wasa dare biyar a mako, kowane wasa yakan kai sa'a biyar ba hutu. Ba mutum ɗaya da zai iya jure wannan, don haka yawan makaɗan ya haura goma, suna karɓa-karɓa: wannan ya gaji ya miƙa jita ko sanda ga wani, kiɗa bai tsaya ba. Shida daga cikinsu ne kan fita yawon wasa ƙasashen waje. Duk wanda ya san kiɗan biki a ƙasar Hausa ya san wannan tsari, domin haka makaɗan kalangu suke kwana suna sauya hannu. Daidaiton nan da masu sharhi suka ji a kundin, inda mutum shida suke juyawa lokaci guda kamar an ja su da igiya ɗaya, daga nan ya fito. Sa'a 25 a mako a gaban masu rawa ce ta haife shi, ba takardar kiɗa ba.

Hanyar kundin zuwa waje ta biyo ta Shikago. Almeida ya je can a 2008 don wani bikin fasaha, ya haɗu da wani ma'aikacin naɗar sauti mai suna Jamie Carter. Carter ya zo Yamai ya yi musu aikin kundin A-Na Waya, sannan ya komo a farkon 2011 suka yi Kaani cikin kimanin mako biyu, a wani sutudiyo da ya sha ƙura, da na'urorin da ya ɗauko daga Amurka. A gida, da yake babu wani tsayayyen tsarin rarraba faya-fayai, 'yan ƙungiyar da kansu suke sayar da faifan sidi a shataletalen birni da wuraren wasa. Sai bayan shekara biyu FatCat ta ɗauki kundin.

Wannan kamfani na garin Biraiton ba kamfanin kiɗan Afirka ba ne. Sunansa ya fito ne ta hanyar ƙungiyoyi irin su Sigur Rós da Animal Collective, masu kiɗan rok na gwaji. Saboda haka teburin da kundin ya fara sauka a kai na marubutan rok ne, kuma kowa da mudun da yake awo da shi. Da wani kamfani ne daban ya fitar da shi, da wataƙila wasu dangin aka nema masa.

4.0 Zagayen Sha Biyu

Me kunnen Bature ya ji har ya tuna da rok mai ci gaba? Abubuwa uku ne: waƙoƙi masu ɗan tsawo, jita biyu masu saƙa da juna cikin sauri, da kuma yadda kiɗa kan yi kamar ya sauya ƙirge a tsakiyar tafiya ba sanarwa. Na ukun shi ya fi jan hankali, kuma a nan ne kamar ta fi yaudara.

Makaɗin rok mai ci gaba idan zai rikita ƙirge, tsawon zagayen yake taɓawa. Misali mafi bayyana yana cikin kundin King Crimson na 1981, Discipline. A waƙar Frame by Frame jita ɗaya tana maimaita jerin amo 14, ɗayar tana yin irinsa amma ta yar da guda ya koma 13, sai su rabu a hankali, su yi ta nisa da juna, har lissafi ya sake haɗa su. Abin sha'awa ne, amma aikin ƙirge ne, kuma ba a yi shi don mai rawa ba.

A mafi yawan Kaani kuwa zagayen ba ya motsi. Zagaye ne mai awo 12, irin wanda ya game Afirka ta Yamma. Sirrin 12 shi ne tana rabuwa ta hanyoyi da dama: uku-uku sau huɗu, ko biyu-biyu sau shida, ko huɗu-huɗu sau uku. Mai gangunan zamani yana iya riƙe rabon farko da ƙafarsa, mai kalangu ya bi na biyu, jita ta shigo a tsakanin bugu. Duka suna nan lokaci guda. Abin da baƙo yake ji kamar sauyin ƙirge, sau da yawa ɗaga wani rabo ne da ke kwance a ƙasa tun farko, a danne wanda ke sama. Ƙafar mai rawa ba ta ɓata ba, kafaɗarsa ce ta sami sabon abin bi. Wancan na Ingila tsawaita igiya yake yi yana gajarta ta, wannan kuwa igiya ɗaya ce ake sauya mata ƙulli.

Manazarcin waƙar Hausa ba baƙo ba ne ga wannan al'amari, ko da bai taɓa riƙe kayan kiɗa ba, domin yana cikin harshen kansa. An san cewa gajeruwar gaɓa awo ɗaya ce, doguwa kuma awo biyu. A ɗauki awo shida, wato rabin zagayen. Furucin "kiɗan maza" gajeruwa ce da doguwa, gajeruwa da doguwa, wato 3 da 3. Kalmar "kakaki" dogaye uku ce, wato 2 da 2 da 2. Kalmar "tantabara" doguwa ce, gajeru biyu, sannan doguwa, ita ma 2 da 2 da 2 amma an fasa ta tsakiya. Dukkansu shida ne, kuma mawaƙi yana iya musanya wannan da wancan a gurbi ɗaya ba tare da kari ya karye ba. Nazarin da Bruce Hayes da Russell Schuh suka buga a mujallar Language a 2019 a kan karin rajaz na Hausa ya nuna cewa ƙafar wannan kari a kan awo shida take tsaye, kuma ana cika ta da jerin gaɓoɓi iri-iri. Abin da mai kalangu yake yi da tsarkiya, shi mawaƙi yake yi da gaɓa.

Sai dai kuma akwai tarko a nan. Kada a tsere wa kuskuren Turawa a faɗa irinsa, a ce duk abin da ke cikin kundin na Hausa ne. Sunan kundin ma ba Hausa ba ne, haka Wongharey da ke cikinsa. Zagayen 12 na kowa ne a wannan yanki. Akwai tafiyar takamba ta Zabarmawa da Buzaye a wasu wurare, kuma yadda ake tsinkar jita a saman wuyanta, amo siriri mai ƙyalli, yana da dangantaka da salon Kwango wanda rediyo da kaset suka yaɗa a Afirka ta Yamma tun shekarun 1960, ko da yake gajerun jimlolin da ake maimaitawa sun fi kusa da hannun mai gurmi ko molo. Iyakar abin da za a ce shi ne, mai jin Hausa yana da mabuɗi ɗaya daga cikin mabuɗai huɗu ko biyar, marubucin Landan kuwa ba shi da ko ɗaya.

4.1 Kalangu a Matsayin Mai Magana

Masu sharhi sun ambaci kalangun ƙungiyar ƙwarai, amma a matsayin ado, wato wani amo mai lanƙwasa da ke ƙara wa ganguna armashi. Tun a 1971 David Ames da Anthony King, a ƙamus ɗinsu na kalmomin kiɗan Hausa, suka bayyana matsayin take, wato kirarin da kayan kiɗa ke faɗa ba da baki ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, haka ma Zabarmanci, kuma kalangu yana kwaikwayon hawa da sauka da tsawon gaɓa ta hanyar matse tsarkiya da sassauta ta. Saboda haka duk inda kalangu ya fito fili a irin wannan kiɗa, tambayar farko da ta kamaci manazarci ita ce ko magana yake yi, da wane harshe, kuma wa yake kira. Fulatanci da Buzanci ba su da karin sauti irin wannan, don haka tambayar tana ƙara daɗi: yaya kalangu yake yi idan jagora ya koma ɗaya daga cikinsu? Wannan aiki ne na masanin tsarin sauti, ba na marubucin rok ba.

Haka abin yake ga sunayen waƙoƙin. Bahaushe idan ya ga Sarkin Fada a jerin waƙoƙin Kaani, nan take zai tuna da sarautar da ke shugabantar fadawa, ya kuma shirya kunnensa ga turken yabo da dukkan abin da ya gada daga su Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Ko waƙar ta cika masa wannan zato ko ta saɓa, da zaton zai auna ta. Ga wanda ba ya jin harshen kuwa, gaɓoɓi huɗu ne kawai a bayan faifai.

5.0 Abin da Sutudiyo ya Zubar

Waƙoƙi takwas ne a Kaani, gaba ɗayansu ba su cika sa'a guda ba. Idan aka gwada da wasan dare ɗaya, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar ke nan. To, mene ne aka zaɓa, mene ne aka bari?

A nan ne bambancin da ke tsakanin wannan kundi da na 'yan rok mai ci gaba ya fi fitowa. Su a wurinsu kundi shi ne asali. A sutudiyo ake gina waƙa sashe-sashe, wani lokaci a yi watanni ana yanka zaren rikoda ana liƙawa, daga baya ƙungiya ta koyi yadda za ta maimaita abin a dandali. A wurin Tal National dandali ne asali, kundi kuwa samfuri ne da aka yanko. Tsawon waƙoƙinsu da aka ɗauka alamar buri ce irin ta Turawa, a haƙiƙa gajartawa ce.

Sa'idu Muhammad Gusau, a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ya sanya lokaci da wurin aiwatarwa da masu sauraro cikin abubuwan da dole mai nazari ya lura da su, domin waƙar baka ba ta kammala sai a bainar jama'a. A wasan biki ko na dandali mawaƙi yana ganin wanda ya shigo, ya ambace shi da uwayensa da garinsu, a yi masa liƙi, a ƙara ɗa a waƙa saboda shi, a ja gindin waƙa har sai masu rawa sun ƙoshi. Wannan sashe shi ne mafi yawan magana, kuma shi ne ba ya shiga sutudiyo, domin babu wanda za a kira a ɗakin da babu kowa sai makirfo. Abin da ya rage shi ne ƙashin bayan waƙa: gindi, 'yan ɗiya kaɗan, amshi, da saƙar kayan kiɗa. Da aka rage magana, sai kiɗa ya yi rinjaye. Da kiɗa ya yi rinjaye, sai kundin ya dace da kunnen wanda ba ya jin harshe, har ya ɗauka cewa abin da ya ji shi ne dukkan abin da ke akwai.

Ba sabuwar matsala ba ce. Faifan garmaho na farko, mai juyi 78 a minti, kusan minti uku kawai yake ɗauka a fuska ɗaya, kuma duk makaɗin da ya shiga hannun kamfanonin wancan zamani sai da aka datse shi. Bakandamiyar Mamman Shata ma kowace naɗa da tsawonta da ɗiyanta, ba wadda za a ce ita ce waƙar. Bambancin shi ne, mai sauraron Shata a faifai ya san akwai wani Shata a fili, yana cike giɓin da kansa.

Ta fuskar aikin naɗa, dole a yaba wa Carter. Bai lulluɓe kiɗan da kayan ƙawa ba, bai kuma shigo da baƙin makaɗa don a jawo kasuwa ba, abin da ya ɓata kundayen Afirka da yawa a shekarun 1980 da 1990. Ana jin kowace jita a gefenta, ana jin fatar kalangu. Waƙar farko, wadda kundin ya ci sunanta, ta isa shaida: jita ce ke buɗewa da gajeren zance, sauran su faɗo a kai, kuma ba a sake sakin mai sauraro. Amma akwai abin cewa. A al'adar waƙar Hausa kiɗa bara ne ga magana. Kalangun Shata ba su taɓa hana a ji abin da ya faɗa ba, kuntigin Ɗanmaraya Jos kuwa kusan rakiya kawai yake yi. A Kaani murya ɗaya ce daga cikin zaruruwa shida, ba ta fi jita daraja ba, kuma a wuraren da gudu ya yi yawa tazarar da ke tsakanin doguwar gaɓa da gajeruwa takan ƙuntata har kalma ta nemi ɓacewa. Wanda ya zo neman azanci zai ga an yi masa rowa. Wanda ya zo neman rawa ba shi da ƙorafi.

6.0 Karɓuwa a Gida da Waje, da Shirun Nijeriya

A Yamai ba a jira New York Times ba. Ƙungiyar ta riga ta yi suna tun zamanin A-Na Waya, kuma tana da magabata a fagen haɗa kayan zamani da waƙar gida: gasar Ɗangurmu da aka fara a 1987 don ƙarfafa kiɗan zamani na ƙasa, wadda aka raɗa wa sunan shahararren makaɗin nan na Tawa, da kuma ƙungiyar Mamar Kassey ta Yacouba Moumouni da aka kafa a 1995. A idon mutanen gida kalmar da ke da nauyi a sunan ƙungiyar ita ce ta biyu, wato ta ƙasa. Jera harsuna a kundi ɗaya magana ce a kan yadda ake son Nijar ta kasance. Maganar ta ƙara nauyi bayan 2025, shekarar da sabuwar dokar ƙasar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki. Ƙungiyar da ta ƙi fifita harshe ɗaya a dandali tana da abin da za ta koya wa masu murnar wannan mataki da masu fargabarsa.

Wannan fuska ta kundin ba za ta yi wa mutumin jihar Taraba wuyar fahimta ba. Da za a kunna Kaani a gidan biki a Abbare, can wajen Jalingo, inda Mumuye da Fulani da Hausawa da wasu al'ummu suke cin kasuwa ɗaya, Hausa tana haɗa su ba tare da ta zama harshen uwa ga kowa ba, da wuya wani ya ji baƙon abu a sauyawar jagora daga wannan harshe zuwa wancan. Haka ake hira a tasha. Ba kuma wanda zai tsaya ƙirga bugu. Mai sauraro irin wannan ya fi marubucin Landan kusa da kundin nesa ba kusa ba, amma ba shi ne yake rubuta sharhin da duniya ke karantawa ba.

Waɗanda ya kamata su rubuta a madadinsa su ne manazartan sassan harsunan Nijeriya, kuma a nan ne aka yi sakaci. Dalili ɗaya shi ne rabe-raben da aka gada. An saba da waƙar baka da rubutacciya, daga baya aka buɗe babi na uku ga waƙoƙin zamani, amma aka gina shi a kan abin da ya faru a Kano. Can, kamar yadda Abdalla Uba Adamu ya bayyana a rubuce-rubucensa, fiyanon Yamaha ne ya zama ƙungiya sukutum tun daga shekarun 1990: mutum ɗaya a sutudiyo yana fitar da amon ganga da sarewa da goge daga akwati guda, saboda finafinai. Waƙar zamani ta Kano a ɗaki aka haife ta, ba ta san dandali ba sai daga baya. Ta Yamai a dandali aka haife ta, aka kai ta ɗaki. Ma'aunin da aka yanka don ta farko ba ya auna ta biyu, shi kuwa ma'aunin waƙar baka yakan tsaya cik da ya ga jitar lantarki.

Dalili na biyu ƙarami ne a ido amma yana da tasiri, wato rubutu. Sunayen waƙoƙin da ƙa'idar Faransanci ake rubuta su. A kundin Zoy Zoy na 2015 akwai waƙa mai suna Saraounia, wadda ɗalibin Kano ko Sakkwato zai rubuta Sarauniya, sunan da a Nijar yake tuna wa kowa da sarauniyar Lugu da ta yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Ɗalibin da ya nemi kalmar da irin rubutunsa ba zai same ta ba, wanda kuma ya ci karo da ita yana iya wucewa bai gane tasa ba ce.

Akwai kuma tambayar ko sunan da aka laƙaba wa ƙungiyar ya koma ya yi tasiri a kanta. Kundin Tantabara na 2018, wanda shi ma Carter ya naɗa, ya fi Kaani gudu da kaushi, jitocin sun fi cizo, har an gayyato Yonatan Gat, makaɗin jita na fagen rok ɗin gwaji da ke zaune a New York, ya sa hannu a waƙar Entente. Mai yiwuwa ne wannan ya zo daga yawon wasa a ƙasashen da ake ba su sa'a ɗaya maimakon biyar, ga masu kallo da ba za a iya kiran sunan kowa cikinsu ba, sai a biya su da gudu. Duk da haka a kundin ne aka ba Zara Moussa, mawaƙiyar rap ta Nijar, fili, wato aka dawo da magana gaba, kuma cikin sunayen waƙoƙinsa takwas akwai kalmomin Hausa biyu da ba su buƙatar fassara ga kowa daga Agadas har Jalingo, Tantabara da Duniya.